Gurnanin Titi a Nissan 350Z: Me Za a Fara Gyarawa Kafin a Sayi Amfilifaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi Nissan 350Z ƙirar 2004, 'yar Amurka, kuma ina yawan bin hanyar Abuja zuwa Kaduna da ita. A cikin gari ba ni da kuka, amma da zarar na wuce gudun kilomita 100 sai gurnani ya cika motar. Rediyo ba ya fita, waya ma sai na ɗaga murya. Wani mai haɗa sauti ya ce in sa babbar amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da wufa biyu, wato manyan sifikun sautin ƙasa, a but. Kafin in kashe kuɗi, mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Ka yi daidai da ka tambaya tun kuɗin suna aljihunka. Shawarata a taƙaice ita ce ka dakata da maganar amfilifaya. Matsalarka ba ƙarancin sauti ba ce, yawan ƙara ce, kuma kowacce da maganinta.

Ga lissafin da ya sa na faɗi haka. Ana auna ƙarfin sauti da desibel, wato dB. Kafin sauti ya ƙaru da dB 3 kacal sai an ninka ƙarfin amfilifaya, misali daga wat 50 zuwa 100. Kafin kunne ya ji kamar sautin ya ninka kuwa, ana bukatar kusan dB 10, wato ƙarfin amfilifaya sau goma. To idan ka rage gurnanin motar da dB 3, ka samu abin da ninka amfilifaya zai ba ka, kuma kunnenka ya huta. Mai ƙure sauti don ya danne gurnani yana tara ƙara biyu ne a ɗaki ɗaya. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyakar dB 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin dB 3 yana raba wannan lokaci biyu. Wanda yake doguwar tafiya a kai a kai bai kamata ya yi wasa da wannan ba, domin jin da ya tafi ba ya dawowa.

Ita wannan mota tun daga ƙirarta take da ƙara. Kujera biyu gare ta, babu kujerar baya, babu bangon da ya raba ka da but. A motar gida irin su Camry, katifar kujerar baya da allon da ke bayanta suna tare yawancin ƙugin tayoyin baya. A 350Z kuwa kai da mazaunin tayoyin baya da ramin safaya duk ɗaki ɗaya kuke, ga babban gilashin baya a kwance yana dawo maka da sautin daidai ƙeya. Ƙara da faffaɗan taya mai siririn gefe, da shokazoba mai tauri, da bushin da ba su da laushi don motar ta riƙe kwana. Duk abin da ya sa take daɗin tuƙi shi ne yake shigo da titi cikinta. Saboda haka ba za ta zama Lexus ba ko nawa ka kashe. Abin da za a iya samu shi ne ka yi hira da na gefenka ba tare da ɗaga murya ba, ka ji karatu ko waƙa a tsaka-tsakin sauti. Wannan kam yana samuwa.

Kafin ka sayi komai, ka gano daga ina ƙarar take fitowa. Ka sami miƙaƙƙen titi da babu cunkoso, ka riƙe gudu ɗaya, sai ka sauko da giya ɗaya ƙasa ba tare da gudun ya canza ba. Idan muryar gurnanin ta canza, inji ne ko salansa. Idan ba ta canza ba, amma tana canzawa duk lokacin da ka tashi daga sabuwar kwalta ka hau tsohuwa mai tsakuwa ko kankare, taya ce. Idan ka ɗan karkata sitiyari hagu da dama a hankali ka ji ƙugin yana ƙaruwa a gefe ɗaya yana raguwa a ɗayan, boris ɗin ƙafa ya ci, kuma wannan gyaran tsira da rai ne, ba na jin daɗi ba, a yi shi yau. Idan kuwa shuuu kake ji ta wajen kunne yana ƙaruwa da gudu, iska ce. Ƙofofin motar ba su da firam a saman gilashi, gilashin da kansa yake manne wa roba, shi ya sa yake ɗan sauka idan an buɗe ƙofa ya koma idan an rufe. Rana da hunturu suna busar da wannan roba. Ka liƙe gefen gilashin da salatif ɗin masu fenti ka sake bin titin. In ƙarar ta ɓace, ka san robar za a canza ko a daidaita tsayuwar gilashin.

Ka sauke manhajar auna ƙara a wayarka, ka ajiye wayar wuri ɗaya, titi ɗaya, gudu ɗaya, ka rubuta abin da ta nuna. Lambar ba lallai ta zama daidai da ta na'urar ƙwararru ba, amma za ta nuna maka bambanci tsakanin kafin aiki da bayansa, kuma da ita za ka san ko mai aikin ya yi abin da ka biya.

Ina kyautata zaton taya ce za ta fito a gwajinka, kuma a nan zan daɗe. 350Z na shekarun farko, 2003 da 2004, an san su da cin tayoyin gaba ta gefen ciki, ci irin na haƙoran zarto, har kamfanin ya fitar wa dillalansa da umarnin sake saitin ƙafafun gaba. Ka murɗa sitiyari har ƙarshe, ka tsuguna, ka shafa tafin hannunka a gefen ciki na tayar, gaba da baya. Idan ta wani ɓangaren hannun yana sulɓewa, ta ɗayan kuma yana karo da kaifin zanen tayar, to ga mai gurnaninka nan. Tayar da ta ci haka ba ta komawa daidai. Ko ka shimfiɗa wa motar kayan hana ƙara na miliyan za ta ci gaba da ruri. Sai an duba bushin na ƙafafun gaba, an canza waɗanda suka tsage, an yi saitin ƙafa a kan na'ura mai kwamfuta, sannan a sa sabuwar taya. Idan aka sa sabuwa ba a yi saitin ba, ita ma haka za ta ci.

Sai maganar irin tayar da ake sawa. Yawancin tayoyin Beljiyam da ke kasuwanninmu sun tsufa, robarsu ta bushe ta yi tauri, wasu ma na ƙanƙara ne da aka ƙera don sanyin Turai, masu yawan tsaga, ga ƙugi ga saurin lalacewa a kan kwalta mai zafi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta haura shekara shida ban yarda a ɗora ta a motar da ake gudu da ita ba, ko da zanenta yana nan cif. Wajen zaɓen sabuwa, ka guji mai manyan zane irin kan kibiya da ake yi don filin tsere, ka nemi wadda aka yi don doguwar tafiya. Tun 2012 tayoyin da ake sayarwa a Tarayyar Turai suna zuwa da takarda mai nuna ƙararsu da dB. Ƙarar da na bakin titi yake ji take aunawa, ba ta cikin mota ba, amma tana taimakawa wajen kwatanta taya biyu. Akwai kuma masu soso a manne a cikinsu, irin ContiSilent na Continental da PNCS na Pirelli, waɗanda aka yi don kashe amon da iskar cikin taya take yi a wajajen Hz 200 zuwa 250 (Hz shi ne yawan bugun sauti a daƙiƙa ɗaya). Amon nan kaɗai suke ragewa, ba dukkan gurnani ba, don haka in ba ka same su a girman tayarka ba kada ka damu.

Iska ma ka kula da ita. Masu faci da yawa suna ɗura wa taya 45 ko 50 saboda sun saba da motocin haya masu lodi. Motarka 35 take so, kuma an rubuta a takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Ka sayi geji naka, ka auna da safe kafin taya ta ɗau zafi. Tayar da ta cika tam tana miƙo maka kowace tsakuwa har cikin kujera. Idan rim ɗinka 18 ne ko an sa mata 19 don ado, ka sani duk yadda gefen taya ya ƙara siranta haka ƙara take ƙaruwa. Motar ta fito da 17 a wasu nau'o'inta, kuma a hanyoyinmu masu ramuka 17 ta fi kwanciyar hankali.

In gwajin giya ya nuna salansa ce, ka sa a ɗaga motar a duba. Motocin nan da yawa suna zuwa daga Amurka an riga an sauya musu salansa da mai ƙara, wasu kuma an kwashe musu abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi. Injinka silinda shida ne, yana bugawa sau uku a kowane juyi, don haka a juyi 2,400 a minti yana fitar da amo mai Hz 120. Wannan shi ne buuu ɗin da yake cika kai a doguwar tafiya, kuma amo mai kauri irin wannan babu shimfiɗar da take tare shi. Maganinsa a salansar yake, a mayar da ta asali ko a ƙara tukunyar kashe amo a tsakiyar bututun.

Bayan an gama da waɗannan ne ake zuwa shimfiɗa. A nan mutane suka fi asarar kuɗi, saboda sun ɗauka abu ɗaya ne ake mannawa ko'ina. Ayyuka uku ne, kowanne da kayansa.

Na farko hana ƙarfe rawa. Ka ɗauki farantin silba ka ƙwanƙwasa, zai yi ta amo. Ka ɗora yatsu biyu a tsakiyarsa ka sake ƙwanƙwasawa, sai ka ji ƙwas, ya mutu. Aikin da shimfiɗar butil mai fuskar alminiyam take yi ke nan, irin su Dynamat da StP da Noico. Ba sai ka rufe farantin duka da hannu ba, haka ita ma. Kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari na faffaɗan ƙarfe ya wadatar, a tsakiyar wuraren da suke amo idan ka ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Inda ƙarfen yake da lanƙwasa ko ninki ya riga ya yi tauri, mannawa a wurin ƙarin nauyi ne kawai. A goge wurin da sifirit, a manna, a murza da abin murzawa har sai zanen alminiyam ɗin ya kwanta, kada a bar iska a ƙasa domin nan ruwa yake taruwa tsatsa ta fara. Ina roƙonka, kada ka bari a manna maka abin liƙe yoyon kwanon rufi da ake sayarwa a shagunan kayan gini. Ya yi kama da shi a ido, ya fi arha nesa ba kusa ba, amma yawancinsa kwalta ce. Motar da aka ajiye a rana a watan Afrilu cikinta yana wuce digiri 60. Kwaltar za ta narke, ta zubo cikin ƙofa ta kama injin gilashi, warinta kuma ya zauna a motar. Duk abin da aka kawo maka, ka yanki ɗan guntu ka ajiye a kan dashbod yini guda a rana. In ya yi wari ko ya dalala, a mayar da shi.

Amma ita butil ba ta tare ƙarar da ke ratsowa ta iska. Wannan aikin nauyi ne, kuma shi ne na biyu, wanda aka fi tsallakewa. Ka'idar ita ce duk sanda aka ninka nauyin shinge, ƙarar da ke ratsa shi tana raguwa da kusan dB 6. Ana amfani da wata shimfiɗar roba mai nauyi mai laushi da ake kira MLV, wadda murabba'in mita ɗaya nata yake kai kusan kilo 5. Ba a manna ta kai tsaye a ƙarfe. Ana fara shimfiɗa siririn soso wanda ba ya shan ruwa, sannan a ɗora ta, don kada rawar ƙarfen ta shige ta. Kuma ita, saɓanin butil, sai an rufe wurin ruf, an haɗa bakin kowane yanki da na kusa da shi an liƙe, domin ƙara tana bin 'yar kafa ta shigo. Na uku shi ne abin shanye amo mai kama da auduga, irin Thinsulate na kamfanin 3M, wanda ake cusawa a bayan robobin gefen but da sauran kogunan da babu komai. Ba shi da nauyi. Kada a sa soson katifa a madadinsa, yana shan ruwa ya riƙe.

A 350Z ka fara da baya: mazaunin tayoyin baya, ramin safaya, daɓen but, da bangon da ke bayan kujeru. Nan ne kuɗinka zai fi yin aiki. Murabba'in mita 3 na MLV kilo 15 ne, kuma a motar da ta haura kilo 1,400 ba za ka ji shi a totur ba. Ban ga dalilin cire kafet da dashbod a rufe motar gaba ɗaya ba, nauyin zai yi yawa, ribar kaɗan. Tankin mai yana ƙarƙashin wurin nan na bayan kujeru, saboda haka kada kowa ya huda daɓen ko ya ɗaura sukuru a makance, kuma a bar murfin da ake buɗewa a kai ga famfon mai yadda za a iya buɗe shi gobe. Robar da ke cikin madigadi, wadda take tare tsakuwa, ka duba ko tana nan. Masu gyaran bodi sukan cire ta su manta, kuma rashinta kaɗai yana ƙara ƙara sosai.

Ƙofofi ana yi musu butil ne musamman saboda sifika. Ƙofa ita ce akwatin sifikar, in tana rawa sautin ƙasa yana ɓacewa. A manna a fatar waje daidai bayan sifikar, a toshe manyan ramukan fatar ciki da abin da za a iya cirewa ranar gyaran gilashi, a bar ramukan fitar ruwa na gindin ƙofa a buɗe.

Yanzu sai sauti. Ka tuƙa motar mako guda bayan shimfiɗa kafin ka sayi komai, domin kunnenka zai gaya maka abin da ya rage. Idan taka ta zo da kayan sauti na kamfanin Bose, akwai abin da ya kamata mai aikinka ya sani. Amfilifayarta da sifikunta an yi su ne don juna, an gyara sautin a cikin amfilifayar don ya dace da waɗannan sifiku, kuma ba irin na om 4 da ke kasuwa ba ne (om ma'aunin yadda sifika take tauye wutar da ke bi ta cikinta ne). Wanda ya canza sifika kaɗai ya bar amfilifayar yakan ji sautin ya ragu, ya zaci an sayar masa da jabu. Ko a bar tsarin yadda yake, ko a kewaye amfilifayar gaba ɗaya. Motar da ta haura shekara ashirin ni na fi son a kewaye.

Mafi yawan kuɗin ka sa shi a sifikun gaba, masu inci 6.5 da ƙaramar sifikar sautin sama a ware. A ɗora su a zoben roba mai tauri, ba katakon MDF ba, domin ruwan damina yana shiga ƙofa ya kumbura shi. Sifikun da ke bayan kujeru suna daf da kunnenka, suna janye sautin zuwa baya, ka rage su sosai ko ka cire musu waya. Wufa biyu a but ɗin nan ɓarna ce. Ɗakin ƙarami ne, kuma ƙaramin ɗaki da kansa yake ƙara wa sautin ƙasa ƙarfi. Ɗaya mai inci 10 a rufaffen akwati ta ishe ka, ko a gurbin da ke bayan kujerar direba inda Bose ta sa tata, ko a ƙarƙashin ƙarfen nan da ya gitta but. A ɗaure akwatin da kyau, domin ranar taka birkin gaggawa babu abin da ya raba shi da kanka. A raba aiki a wajajen Hz 80, abin da ke ƙasa na wufa, na sama na ƙofofi. Da haka sifikun ƙofa suke daina wahala, muryar mai magana ta fito tas.

Amfilifaya ɗaya mai layi biyar, nau'in Class D, ta isa duka. Ba ta cin wuri, ba ta cika zafi ba. Ka duba lambar RMS, wato ainihin ƙarfin da take iya bayarwa a kai a kai, ka manta da dubban wat da ake rubutawa a kwali. Wat 60 zuwa 75 ga kowace sifikar gaba da kamar 300 ga wufa ya wadatar. Idan za ka iya, ka nemi mai DSP a ciki, wato 'yar kwamfutar daidaita sauti. Kana zaune a hagu, sifikar hagu ta fi kusa da kai, sautinta yana riga na dama isowa. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka bambancin santimita 34 daidai yake da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. DSP tana jinkirta na kusa da wannan ɗan lokaci, sai ka ji muryar ta tashi daga gwiwarka ta koma tsakiyar dashbod. A ƙaramar mota irin wannan, gyaran nan ya fi sauya sifika zuwa mai tsada tasiri. Rediyoyin Android masu arha da suka cika kasuwa kuwa allonsu ne babba, siginar da suke bai wa amfilifaya sau da yawa ba ta da ƙarfi ba ta da tsabta. In za ka canza, ka nemi wanda mafitarsa take ba da bolt 4.

Wajen wayarin ka tsaya a kan mai aikin da kanka. Tsari irin wannan yana iya jan amfiya 40 zuwa 50, don haka wayar wuta ta zama lamba 4 ta jan ƙarfe zalla. Akwai ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, ka kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari a ciki ita ce, ba ta ɗaukar wuta kamar ta gaske. Batir ɗin motarka yana gaba, a akwatinsa kusa da gilashi ta gefen fasinja, wayar za ta ratsa bangon inji, dole a sa mata zoben roba a ramin don kada ƙarfe ya yanke ta. Fis ya zauna kusa da batir, kada ya wuce santimita 45 daga kansa, domin wayar yake karewa, kuma duk tsawon da ke tsakaninsa da batir ba shi da kariya. Wayar ƙasa, wato wadda ake ɗaurawa a jikin ƙarfen mota, ta zama gajera, a kankare fenti har ƙarfe ya fito kafin a ɗaure ta. Idan bayan an gama ka ji wani siririn kuka a sifika yana hawa yana sauka da totur, yawanci wayar ƙasan ce ba ta kama ba, ko an bi da wayar sigina gefe ɗaya da ta wuta. Kada ka karɓi motar sai an gyara, kuma kada ka yarda a ɓoye shi da 'yar na'urar tace ƙara.